Ƙafar da Ba Ta Jin Ƙaya

Daga Kaura Namoda har Zurmi, in ka tambayi 'yan farauta wa ya fi kowa taurin tafin ƙafa, ba za su yi dogon tunani ba, ni za su nuna maka, Bawa na gidan Malamai. Ni ne mutumin da ke tuɓe takalmi a tsakiyar dajin aduwa, ya rataya shi a wuya, ya yi ta taka ƙaya tana karyewa kamar busasshen ganye. Na sha faɗa a majalisa cewa da raƙumi zai ga tafin ƙafata, da ya durƙusa ya gaishe ni. Nakan ce ƙaya in ta hango ni tafe, kwantawa take yi har in wuce. Mutane su yi dariya, ni ma in yi.

Ƙafar da nake ba ku labari ta dama ce. Tana Sakkwato yanzu, a ƙarƙashin ƙasa, a wani wuri da ban taɓa gani ba. Ni kuwa ina nan Kaura da ta hagu. Na rubuta wannan ne domin duk mai irin wannan alfahari ya karanta, ya sunkuya ya duba ƙafarsa tun yana da abin dubawa.

Gidanmu gidan karatu ne. Yayana, Malam Isa, shi ya gaji littattafan mahaifinmu, yana koyar da Larabci a makaranta. Ni kuwa na gaji bakin kawunnaina. Ina cinikin hatsi a Kasuwar Daji, ina noma gero da dawa a Banga, in rani ya yi kuma in bi 'yan farauta zuwa dajin Zurmi. A wata farautar ce wani Bafillace a Dauran ya ba ni ɗan kwikwiyo baƙi, ƙanƙane, har a aljihun riga na sako shi. Na sa masa suna Duna.

Abin da ya fara ba ni mamaki game da Duna shi ne gaggawarsa. Da na kawo shi, "yarona" nake ce masa. Shekara ta zagayo sai ga shi saurayi, yana tsallake darni yana neman faɗa. Da ya shekara biyu ya zama cikakken magidanci, zomo ba ya tsere masa. Muka ɗan jima muna abokai, tsarar juna. Lokacin da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, ana kiɗa ana murna mun zama 'yan Zamfara, na lura furfura ta fito masa a baki. Kafin a fara maganar Shari'a kuwa, ya wuce ni ya bar ni. Na koma ina ce masa "Baba". In na fito da safe in ce, "Baba, an kwana lafiya? Ya ƙarfin jiki?" Shi kuwa ya ɗaga kai da ƙyar, ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, ya mayar.

Wata rana Malam Haruna, mai yi wa dabbobi allura, ya zo duba tumakin matata Luba. Na ce ya duba mini Baba. Ya buɗe bakinsa, haƙoran sun zube sai ɗaiɗai, idanun sun yi fari-fari kamar an zuba musu nono.

Ya ce, "Shekara nawa?"

Na ce, "Sha uku ko kusa."

Ya ce, "To ai ka samu dattijo. Mutane na cewa shekarar kare ɗaya bakwai ce ta mutum, amma ba haka lissafin yake tafiya kai tsaye ba. Da farko gudu yake yi, shekara ɗaya ya balaga, biyu ya zama babba. Bayan nan sai ya rage sauri, amma dai kullum yana gabanka. Kuma babban kare ya fi ƙarami saurin tsufa. Wannan da mutum ne, da jikokinsa sun yi aure."

Na nuna masa kyanwar Inna, mahaifiyarmu, tana kwance a kan katanga. Ta girmi Duna, amma har lokacin tana kama ƙadangare.

Ya ce, "Ita kyanwa ta fi shi jimawa. Ita ma tsohuwa ce, sai dai ba ta nunawa."

Inna daga ƙofar ɗakinta ta ce, "Ta iya bakinta ne. Ba kamar wasu ba."

Aka yi dariya. Wannan lissafin na Malam Haruna ya yi mini daɗi ƙwarai, na ɗauke shi na kai majalisa, na ƙara masa gishiri. Na ce a gidana akwai tsoho ɗan shekara ɗari da hamsin, ya ga zuwan jirgin ƙasa Kaura da idonsa.

A daidai lokacin ne jikina ya fara canzawa. Ƙishirwa ta kama ni irin wadda randa ba ta kashewa. In sha ruwa, in zaga, in dawo in sha. Wandona ya fara yi mini yawa. Idona ya fara hazo, in na hango mutum a bakin kasuwa sai ya matso nake gane shi. Da safe in tashi kamar an yi mini duka. Duk abin da na ji, sai in duba Duna in gan shi a jikinsa: shi ma yana yawan shan ruwa, ya rame, ba ya gani, ba ya son tashi. Sai na ce, shi ke nan, tsufa ne ya shigo gidan, ya tarar da mu biyu, ya raba mana daidai.

Luba ta ce, "Malam, kiyashi na taruwa inda kake fitsari. Ban taɓa ganin haka ba."

Na ce, "Ke ma kin san ni mutum ne mai zaƙi. Har kiyashi sun shaida."

Ba ta yi dariya ba. Luba ba ta dariya sai da dalili.

Akwai al'adar da muke da ita ni da Duna tun yana ƙarami. Duk sanda muka dawo daga daji, sai in zauna a gindin rumbu da matsefata, in ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya in cire masa ƙaya. Shi kuwa raki gare shi. Ƙaya ƙanƙanuwa za ta soke shi, sai ya ɗage ƙafa yana kuka kamar an yanka shi, ba zai ƙara taku ɗaya ba sai an cire. Ina cirewa ina yi masa tsiya: "Dube ka, ƙato da kai. Ni ka taɓa jin na yi kuka?" Tawa ƙafar ban taɓa ɗagawa na duba ba. Me zan duba? Ba ta ciwo. A shekarun baya-bayan nan ma sai na ji ta ƙara ƙarfi, ko zafin rairayi na tsakar rana ba na ji.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, wasu samari masu zafin kai suka zo zaure suka ce kare ba ya zama gidan malamai. Yaya Malam bai taɓa son Duna ba, ko inuwarsa ba ya bari ta taɓa shi, amma ya ce musu karen farauta da na tsaro an yi rangwame a kansu, su je su ƙara karatu. Da suka tafi ya juyo gare ni ya ce, "Amma ka ɗauke shi daga bakin zauren ga, nan muke sallah." Aka mayar da Duna bayan gida, gindin rumbu.

Farautar ƙarshen ranin nan ita ce ta farko da na je ba tare da shi ba. Ya biyo ni har ƙofar gida, ƙafafun baya suka ƙi, ya zauna. Na je, na tuɓe takalmi a gaban samarin Zurmi kamar yadda na saba, aka yi mini kirari, na dawo da zomo guda.

Tun daga ranar Duna ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. In na zauna, sai ya jawo jiki ya zo ya sa hanci a ƙafata ta dama, ya yi ta shinshina yana wani ƙaramin kuka. In kore shi, ya dawo. Na ce, "Baba ya ruɗe, ya ɗauka ƙafata kilishi ce." Ido ya tafi, haƙori ya tafi, amma hancin yana nan. Ni ne ban gane ba.

Luba ce ta gano, bayan ruwan shuka ya sauka na yi ta tsayuwa cikin laka a Banga. Ta ɗauki takalmina za ta wanke, ta ga cikin na daman ya jiƙe da wani ruwa-ruwa mai wari. Ta ce in ɗaga ƙafa. A ƙarƙashin babban yatsa akwai rami, bakinsa fari, cikinsa baƙi. Ta sa matsefatar Duna ta jawo ƙayar aduwa mai tsawon gaɓar yatsa, ta riga ta ruɓe. Ina kallo tana tonawa, ban ji komai ba. Har na buɗe baki zan yi alfahari, sai na ga fuskarta, na fasa.

Makon farko, ruwan zafi da gishiri, da man shanu. Wanzami ya zo ya yi ƙaho a idon sawu, ya ce mugun jini ne. Mako na gaba ƙafar ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga, ramin ya haifi ɗan'uwansa a gefe. Luba ta ce asibiti. Yaya Malam ya ce asibiti. Inna ta zo ta duba, ta yi salati, ta ce, "Wanga ciwon daji ne. Daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. In kunka kai shi asibiti sunka soka mai allura, kun kashe min ɗa." Maƙwabta suka zo, kowa da labarin wani da aka yi wa allura a kan daji ya kwana bai wuni ba. Ni kuma, in faɗi gaskiya, maganar Inna ta fi yi mini daɗi, don ni mai taka ƙayar aduwa, allura nake tsoro.

Aka ɗauke ni zuwa Shinkafi, wurin wani mai maganin daji da ake yabo. Mutumin kirki ne, ya karɓe mu da fara'a, bai matsa mana ba. Ya shafa wani baƙin gari, ya naɗe da ganye, ya ce kada ruwa ya taɓa, kada a buɗe sai ya ce. Da ya ga na rame, ya ce a riƙa ba ni zuma safe da yamma, da kunu mai sukari, don jini ya dawo. Na ce wannan shi ne likita. Na sha zuma har ƙudan zuma suka fara bina suna neman hakkinsu.

Muka zauna a Shinkafi a gidan wani ɗan'uwan Luba. Makon farko na yi ta ba masu jinya labarin farauta. Na biyu labarin ya ragu, zazzaɓi ya zo. Na uku mutane suka daina zama kusa da ni. Sai in ga mai gaisuwa ya tsaya daga bakin ƙofa, ya kai gefen rawani hanci kamar zai gyara shi. Ƙuda suka san ɗakin. Luba kaɗai ke shiga ta zauna, tana fifita, tana ƙona turare, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Allah ya saka mata, ni ba ni da abin biyanta.

Yaya Malam ya zo ranar kasuwa. Bai nemi izinin kowa ba, ya sa hannu ya warware ganyen. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin kamar gawayi, baƙin ya fara hawa bayan ƙafa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Luba, haɗa kaya."

Na ce, "Yaya, mai magani ya ce..."

Ya ce, "Yi min shiru, Bawa. Yau ɗaya dai ka yi shiru."

A asibitin da muka fara zuwa, mun yanki kati da hantsi, ba mu ga likita ba sai bayan la'asar. Mutane a kan benci, a ƙasa, a gindin bishiya, mai tari, mai naƙuda, mai yaro a kafaɗa. Ni dai wari ya yi mini alfarma, layi ya buɗe mini ta ko'ina. Likitan saurayi ne, ya gaji har idonsa ya faɗa. Ya sa aka ɗebi jini da fitsari. Ya ɗauki allura ya soka a tafin ƙafata mai lafiya, ya ce, "Ka ji?" Na ce a'a. Ya matsa sama ya soka. A'a. Sai kusa da ƙwauri na ji.

Na ce, "Likita, ai ni haka nake. Ko ƙaya ba na ji. Tambayi mutanen Zurmi."

Ya ajiye allurar. Ya ce, "Tun yaushe?"

Na faɗa masa. Na faɗa masa ƙishirwar, da ramar, da hazon ido, na ce amma waɗannan na tsufa ne, tare muke yi da karena.

Ya ce, "Shekarunka nawa?"

Na ce, "Hamsin ba kaɗan."

Ya ce, "Karenka fa?"

"Sha uku."

Ya ce, "Shi ya tsufa. Ya ci shekarunsa, ya gama. Kai ba ka tsufa ba, Malam, ciwon sukari gare ka, kuma ya daɗe. Wannan ba taurin ƙafa ba ne. Jijiyoyin da ke kai maka labari ne suka mutu."

Jijiyoyin da ke kai maka labari. Har yau wannan magana ba ta bar ni ba. Da Luba ta faɗa masa zancen zuma, bai yi faɗa ba, ya dai rufe ido na ɗan lokaci.

Ya tura mu Gusau. Jiha sabuwa, allon ƙofa sabo, fenti sabo, amma abin da ƙafata ke bukata bai iso ba tukuna. Suka yi iya ƙoƙarinsu. Kullum da safe a yi diresin, a kankare ruɓaɓɓen nama, a yi mini allurar sukari. Allurar da Inna ta ce za ta kashe ni, ita ta sauke zazzaɓin. Akwai wata nas, dattijuwa, mai faɗa kamar ta ci mutum, amma hannunta ya fi na kowa sauƙi. Akwai kuma wanda in ka kira shi sai ka ɗauka da bango kake magana. Luba ta sauka a gidan 'yan'uwa can ƙarshen gari. Lokacin an hana mata hawa babur ɗin kabu-kabu, sai ta tsaya a bakin titi da kwanon abinci tana jiran motar mata, wani lokaci ta gaji ta tako da ƙafa. Tuwon ya iso da sanyi, ni kuma in ci ina ƙorafin an hana ni fura da sukari. Tumakinta suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Gonar Banga ciyawa ta cinye ta, ba wanda ya yi mata noman farko.

Aka cire yatsu uku. Muka yi murna, muka ce an tsaya nan. Mako bai cika ba baƙin ya ɓullo sama da ɗinkin. Suka ce Sakkwato.

A hanyar Sakkwato ban yi wasa ko ɗaya ba. Luba ta ce wannan shirun ya fi warin tsorata ta.

Babban likitan can bai yi kwana-kwana ba. Ya nuna ƙasan gwiwa da bakin alƙalami, ya ce, "Nan. In mun jira, sai nan," ya nuna cinya. "In mun ƙara jira, ba sai mun yanke komai ba." Ya ce da mun zo tun ramin yana ɗaya, da wanki da magani sun isa.

Na ce, "Likita, a bana kowa maganar yanke hannu yake, ga wanda ya yi sata. Ni ko kazar wani ban taɓa ɗauka ba."

Ba wanda ya yi dariya. Yaya Malam ya sa hannu a takarda.

Ba zan ba da labarin tiyata ba, don ba na nan aka yi. Na farka na ji babban yatsana na dama yana ƙaiƙayi, na miƙa hannu in sosa, na tarar da katifa. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan: ƙafar da ta yi shekaru ba ta ce mini komai ba, sai da aka yanke ta ta fara magana. Har yau takan yi mini zugi, a wurin da babu ita. Yaya Malam ya karɓi ƙafar a naɗe cikin farin ƙyalle, ya kai maƙabarta ya rufe, ya koma Kaura saboda makaranta.

Mun daɗe a can. Aka koya mini yi wa kaina allura, aka koya mini tafiya da sanduna, aka ce kullum in duba ƙafar da ta rage, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, kamar mai duba jariri. A gadon da ke kusa da nawa akwai wani manomi daga wajen Gummi, shi ma sukari, shi ma "daji" aka ce masa. Shi cinya aka yanke. Bai fita ba.

Da muka dawo Kaura gero ya riga ya yi kai a gonakin mutane. Inna ta fito, ta dubi inda ƙafar take a da, ta koma ɗaki. Har yau ba mu taɓa tayar da maganar ba, ni da ita. Kyanwarta tana nan a kan katanga, kamar ba a yi komai ba.

Na dogara sanduna na zaga bayan gida. Gindin rumbu a share, ba kowa, sai kaskon ruwan Duna a kife.

Luba ta ce tun muna Sakkwato aka aiko mata, ta ɓoye mini. Wai da muka tafi, yaran gida suka yi ta mantawa da shi. Yaya Malam, wanda ko inuwarsa ba ya so, shi ya riƙa jiƙa tuwo da ruwa ya kai masa safe da yamma, don ba ya iya tauna. Ya ce dabbar da aka ɗaure a gida hakki ce, za a tambaya. Wata safiya ya kai, ya tarar ya miƙe. Ba ciwo, ba rauni. Kwanansa ne ya ƙare.

Na zauna a kan turmi na yi kukan da ban yi wa ƙafata ba.

Amma hali ba ya tafiya da ƙafa. Kafin mako ya zagayo, zaure ya cika da 'yan dubiya, abokan farauta daga Zurmi da Dauran, 'yan kasuwa daga Kasuwar Daji, bakina ya dawo. Na ce musu ai likitocin Sakkwato ba su taɓa gamuwa da ƙashi irin nawa ba. Zarto na farko ya dakushe, na biyu ya karye, sai da aka aika Kaduna aka kawo na yankan ƙarfen jirgi. Na ce har yanzu, da ƙafa ɗaya, in aka sake ni a daji zan riga Duna kama zomo, Allah ya sa ya huta, tsohon banza mai raki, ƙaya ɗaya sai kuka.

Yaya Malam yana gefe a kan buzu, yana jan carbi, bai ɗago kai ba.

Ya ce, "Ni na rufe ƙafarka, Bawa, ni na rufe Duna. Tsohon da kake wa dariya, huɗu anka ba shi, huɗu ya maida. Kai biyu kaɗai anka ba ka."